Yadda Ake Yi Wa Zarto Sabon Mariƙi, A Ɗaura Ruwansa Ya Zauna Daram

Tambaya daga wani mai karatu a Agege: "Assalamu alaikum, Oga. Ni ɗan koyon kafinta ne. Maigidana ya ba ni wani tsohon zarto mai tsawon inci 24, ya ce ƙarfensa mai kyau ne, sai dai mariƙin ya tsage ya ɓalle. Na yanko falawud na yi masa sabo, na buga ƙusoshi uku ta tsofaffin hujin na lanƙwashe su ta baya. Yanzu ruwan sai girgiɗi yake yi a ciki, yankana yana karkacewa, kuma tsintsiyar hannuna tana ciwo in na daɗe ina aiki. Na so in ƙara huji ɗaya, na ƙona bakin diril biyu bai hudu ba. Wane katako zan nema a nan Legas, yaya ake zana mariƙin, kuma yaya ake ɗaure shi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'ar albarka. Abu uku ka kawo kuka a kansu: girgiɗi, karkacewar yanka, da ciwon hannu. Girgiɗin daga tsagar da ruwan ya shiga yake da kuma ƙusoshin. Ciwon hannun daga yadda mariƙin ya zauna a kan ruwan ne. Karkacewar kuwa tana iya zama daga tsagar, tana iya zama daga haƙoran, zan dawo kanta. Amma ka fara riƙe wannan, domin kusan duk ɗan koyo a nan yake tuntuɓe: kada ka sassaƙa mariƙi ka goge shi ya yi kyau kafin ka gama da tsaga da huji. Ana yin tsaga da huji ne tun katakon yana nan falan, mai kusurwa huɗu, wanda za ka iya aunawa daga gefensa ka kuma damƙe shi a bais ba tare da ya zame ba. Sassaƙa ita ce aikin ƙarshe. In tsagar ta lalace a kan guntun katako, asarar guntun katako ka yi. In ta lalace bayan ka ɓata yini kana goge-goge, zuciyarka ba za ta bari ka jefar ba, haka za ka ɗaura shi a karkace ka yi ta fama da shi.

Kafin ka taɓa katako ma, duba haƙoran. In ka ga bakinsu ya yi baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi daban da sauran ruwan, wannan zarton zamani ne wanda aka ƙona haƙoransa da lantarki a masana'anta, magagari ba ya cin su, in sun dakushe sai dai a jefar. Irinsa bai cancanci wahalar sabon mariƙi ba. In kuwa launin ɗaya ne har bakin haƙori, ka ɗan gwada magagari mai kusurwa uku ka ji ya kama, to maigidanka ya yi maka kyauta ta gaske, irin wannan zarton sai ya kai ka tsufa.

Katakon da ya dace

Masu ƙera zarto na da sun san abin da suke nema: itace mai ƙarfi, mai laushin jiki a hannu, wanda ba ya saurin tsagewa. Kamfanin Disston, wanda Henry Disston ya kafa a Filadelfiya ta Amurka a 1840, da itacen tuffa ya riƙa yi wa manyan zartunansa mariƙi. Maƙeran Sheffield a Ingila, irin su Spear & Jackson, sun fi amfani da wani itacen ƙasarsu da ake kira bic. Mu ba mu da waɗannan a kasuwa, kuma ba ma bukatarsu.

In ka shiga kasuwar katako ta Amu a Mushin, ko wajen masu falanki na kusa da ku, ka wuce obece da afara da malaina. Duk suna da daɗin aiki, amma taushinsu ya yi yawa, kan noti zai yi ta nutsewa cikinsu har ya kasa matsewa. Abin da na fi so a nan shi ne kawo, wanda 'yan kasuwa ke kira apa. Yana da tauri, kuma ba ya kumbura ko tsukewa sosai in yanayi ya sauya. Bayansa sai madaci, mahogani ke nan a bakin 'yan katako, domin jijiyarsa a sarƙe take, ba ya tsagewa da sauƙi, ko da yake gyaran fuskarsa sai da haƙuri. Loko, wato iroko, shi ma yana yi, sai dai jikinsa ya fi kaushi, kuma ƙurarsa tana sa wasu atishawa da ƙaiƙayi. Mansoniya tana da kyau a ido da hannu, amma ƙurarta ta fi ta loko illa, ka rufe hanci in za ka goge ta. In kana da mai zuwa gida Arewa, marke da ƙirya da ake yin ƙota da su ba su da na biyu wajen ƙarfi, muddin sun bushe sarai. Madobiya ma haka, amma saran da aka yi mata don fitarwa waje ya kusa ƙarar da ita a dazukan Taraba, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tun 2017. Ni dai ba na sayen sabuwa.

Bushewar ita ce babbar magana. Yawancin falankin da ke kasuwa ɗanye ne, bai daɗe da barin bakin inji ba. In ka yi mariƙi da shi zai ci gaba da tsukewa, tsagar ta buɗe ko ta murɗe, notin ya saki. Don haka nake cewa yarana su nemi guntun tsohuwar ƙofa, ko ƙafar gado, ko hannun kujerar da ta shekara da shekaru a ɗaki. Abin da kake bukata bai wuce faɗin inci 6, tsawon inci 8 zuwa 9, da kaurin inci ɗaya ba. Kuma ka sani, katakon da ya zauna a Legas yana riƙe da danshi sama da kashi 15 cikin 100 na nauyinsa, saboda laimar iskar teku. Ranar da ka ɗauki zarton ka tafi Kano ko Katsina da hunturu, danshin zai sauka ƙasa da rabin haka, mariƙin ya ɗan tsuke, ka ji ruwan ya fara motsi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a ɗaure zarto da abin da za a iya ƙara matsewa.

Falawud ɗin da ka yi da shi ba haramun ba ne, akwai zartuna masu arha da ke zuwa da shi daga masana'anta. Amma wanda ke kasuwarmu galibi cikinsa taushi ne da ramuka, gumi yana ɗaye shi, gefensa kuma yana cin hannu. Kada ka jefar da shi tukuna, zai yi maka amfani wajen gwaji.

Zaman mariƙi a kan ruwa

Nan ne ciwon hannunka yake, kuma nan ne zan fi daɗewa. Kai da ka taso kana ganin fartanya ka san cewa in ruwanta ya buɗe da yawa daga ƙota sai ta yi ta nutsewa tana kafewa, in ya rufe da yawa sai ta yi ta shafar ƙasa ba ta ci. Zarto ma haka yake. Ƙarfin da ke fitowa daga kafaɗarka yana bi ta gwiwar hannu ya shiga wurin da tafinka ya dafa, daga nan ya rabu biyu: wani ya tura ruwan gaba, wani ya danna haƙoran cikin katako. Karkatar wurin riƙon ita ke raba wannan ƙarfin.

Ga yadda za ka gan shi da idonka. Shimfiɗa kwali, ka ɗora ruwan zarton ka zana shi duka har da hujinsa. Ka zana layi ɗaya da ya bi tsawon wurin riƙo, daga sama zuwa ƙasa. Daga tsakiyar wannan layin ka ɗora sukwaya ka ja wani layin zuwa gaba. Wannan layi na biyu shi ne hanyar da hannunka ke tura ƙarfi. A dogon zarto irin naka, ka so ya sauka a kan haƙora wajen tsakiyar ruwan ko gaba da tsakiya kaɗan. In ya sauka kusa da mariƙi, danniyar ta yi yawa: zarton zai yi wuyar farawa, ya riƙa cizo yana tsayawa, ruwan ya riƙa lanƙwasa in ka tura. In layin ya wuce bakin zarton bai taɓa haƙora ba, zarton zai riƙa sulɓi a saman katako, kai kuma ba ka sani ba sai ka riƙa karya tsintsiyar hannu ƙasa don ka danna shi. Daga bayaninka, na fi zaton wannan ne ya same ka, ko kuma ka yi wurin riƙon a miƙe tsaye car.

Nauyin zarto da wurin aiki suna sauya lissafin. Dogon zarto yana da nauyin da zai ci da kansa, don haka ba ya son danniya da yawa. Ƙaramin zarto na yankan haɗi, mai ƙarfe a gadon baya, ba shi da tsawo, mariƙinsa yakan ɗaga sama ya karkata fiye da na dogo. Haka kuma wanda ke yanka a kan ɗan benci mai tsayin gwiwa, ya taka falanki da gwiwarsa, kamar yadda yawancinmu ke yi a bakin titi, zaman hannunsa daban yake da na mai yanka a bais a kan dogon tebur. Shi ya sa ba na ba yaro lambar kusurwa ya haddace. Abin da nake sa su yi shi ne su yanko samfurin mariƙi a falawud, su manna shi a gefen ruwan da ƙananan kilam biyu, wato ƙarfen matse katako, su yi yanka. In ya cije a sassauta kilam a sauke mariƙin kaɗan, in ya yi sulɓi a ɗaga. Sai an kai inda tsintsiyar hannu take a miƙe, kafaɗa da gwiwar hannu da ruwan zarto duk suna kan layi ɗaya, sannan a ja fensir a jikin ƙarfen a kafa shaida. In ɓallen tsohon mariƙin yana nan a shagon maigidanka, ka haɗa guntayen ka kwafi zamansa, don wanda ya ƙera shi ya riga ya yi wannan lissafin.

Girman wurin riƙo kuma daga hannunka ake ɗaukarsa. Yatsu uku ne ke shiga ramin, na tsakiya da na kusa da shi da ƙarami. Manuniya tana miƙe a gefen mariƙin tana nuna inda zarton zai bi, ita ce ke hana shi lilo hagu da dama. Mariƙin roba na kasuwa ana buɗe raminsa ne don ya ɗauki kowane hannu har da mai safa, shi ya sa yara ke cusa yatsu huɗu su damƙe kamar za a ƙwace. Auna faɗin yatsunka uku ka ƙara ɗan sarari, shi ne tsawon ramin. Ƙahonnin nan biyu na baya da mutane ke ɗauka ado ne, aiki suke yi: na sama yana kwanciya tsakanin babban yatsa da manuniya, na ƙasa yana tallafe gindin tafi, su rungume hannun yadda ko ka sassauta yatsu zarton ba zai faɗi ba. Tazararsu ita ce faɗin tafinka. Kaurin katakon milimita 22 zuwa 25 yake yi wa yawancin hannu, faɗin wurin riƙo daga gaba zuwa baya kuma wajen milimita 30 zuwa 35.

In za ka kwafa zanen a kan katako, ka lura da siririn wuyan nan na sama, inda wurin riƙo ke haɗuwa da kumatun da suka kama ƙarfe. Can mariƙi ke karyewa in zarto ya faɗi. Ka juya samfurin har jijiyar itacen ta bi tsawon wannan wuyan, kada ta gitta shi.

Tsaga

Ruwan zarto mai inci 24 kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, sau da yawa ma bai kai ba. Amma in ka yanka tsaga da zarton aiki, za ta fi haka faɗi, domin haƙoransa a buɗe suke, ɗaya hagu ɗaya dama. Ruwan sai ya shiga yana iyo, kuma duk yadda ka matse noti ba zai hana shi motsi ba, sai dai kumatun su lanƙwaso ciki su tsage. Tsagar da ta yi daidai ita ce wadda za ka tura ruwan da tafin hannu ya shiga da ɗan ƙarfi, ka ɗaga mariƙin sama ruwan bai zame ba alhali ko noti ɗaya babu.

Don samun haka, nemi guntun mataccen zarto mai kauri irin na naka, ka kwantar da shi a kan ƙarfe ka bubbuga haƙoran a hankali har buɗewarsu ta koma, ka shafa dutsen wasa a gefe biyu. Sannan ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe sosai, kamar fuskar teburin inji. A ce kaurin mariƙinka milimita 23 ne, ƙarfen kuma ɗaya: ka fere ɗan katako ya zama milimita 11 cif, ka ɗora guntun zarton a kansa a kwance, haƙoran sun ɗan leƙo waje, ka danne da kilam. Yanzu mariƙin za ka kwantar a kan teburin ka riƙa goga bakinsa a jikin haƙoran, gaba da baya, kana juya shi har layin ya zagaye duk inda ƙarfe zai shiga. Za ka ga garin katako yana zubowa siriri, layin yana fitowa a tsakiya sak ba tare da ka yi saiti da ido ba. In ya yi zurfin kamar rabin inci ko'ina, ka ɗaga shi ka sa a bais ka ƙarasa da hannu, ramin da ka fara shi zai ja zarton. Wannan dabarar ita ce ke raba mariƙin da ke yanka a miƙe da wanda ke jan ruwa gefe, domin in tsagar ta kauce ko da kaɗan ne, hannunka yana nuna gabas ruwan yana nuna wani wuri.

Gindin tsagar ya dace da siffar bayan ruwan, ƙarfe ya jingina da katako tun daga sama har ƙasa. Ta haka in ka tura, katakon ne ke tura ƙarfen, notin aikinsa matsewa kawai. Wanda bai samu guntun zarto ba yana iya haɗa mariƙi da falle uku, na tsakiya siririn fallen katako mai kaurin ƙarfen wanda aka yanke wurin zaman ruwa a cikinsa. Yana yi, in dai an haɗa da gam mai ruwa biyu da ake cakuɗawa, don farin gam yana sakewa da gumi da laimar damina.

Huji da noti

Tunda ruwanka yana da huji uku, ba ka bukatar na huɗu, in dai ba a jere suke a layi ɗaya ba. Ɗora ruwan a saman katakon daidai shaidar da ka kafa, ka danne, ka zana hujin. Ka huda tsakiyar kowanne da siririn baki mai milimita 2 har ya fita ta baya, a miƙe, in da hali a injin huda na tsaye. Wannan ɗan hujin shi zai jagorance ka ka buɗe mazaunin kan noti ta fuska biyu, sannan ka faɗaɗa tsakiya daidai jikin notin. Ka gama huji ɗaya tukuna, ka sa ruwan, ka zura noti, ka leƙa sauran ka ga sun hau kafin ka faɗaɗa su. Kada huji biyu su hau jijiya ɗaya ta itacen, kuma kada ka matsa bakin katako, ka bar aƙalla ninki biyu na faɗin hujin.

Bakin diril ɗinka sun ƙone ne saboda ruwan zarto ƙarfe ne da aka ƙona aka daidaita taurinsa har ya zama kamar sifirin, kuma in baki ya yi ta juyawa da gudu bai ci ba, wurin ƙara tauri yake yi. In dole sai ka huda, sami bakin huda kankare, mai ɗan ƙarfen kabaid a kai, a wasa maka shi ya yi kaifi. Ka shimfiɗa ruwan a kan katako mai tauri ka danne shi da kilam sosai, domin in baki ya kama shi ya juya, haƙoran nan hannunka za su nema. Ɗiga mai, gudu kaɗan, danniya da ƙarfi, sannan ka share kaushin bakin hujin da magagari. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne kai wa mai walda ya ɓula maka da wuta. An sha kawo mini irinsu: wurin ya yi shuɗi, ƙarfen ya saki, bayan ruwan ya kumbura kamar faranti, kuma ba ya komawa.

Notin zarto na asali tagulla ne, mace da namiji, wuyan namijin yana da kusurwa huɗu ko 'yan haƙora da ke kama katako don kada ya juya. Na zamanin da can kansu a shafe yake da katako, macen tana da tsaga rabe biyu wadda sai da sukudireba mai baki biyu ake kwance ta. Tagulla ta fi a Legas saboda iskar gishiri, ga shi baƙin ƙarfe in ya yi tsatsa yana baƙanta katako ya ci bakin hujin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ciro su daga mataccen zarto, ka tambayi 'yan gwangwan na unguwarku ko ka leƙa kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Owode Onirin. In ba ka samu ba, notin nan mace da namiji da ake haɗa kabad da kabad da shi yana aiki, ka rage tsawonsa yadda zai matse katako kafin ya ƙure. Ƙusa kuwa ka bar ta: ba ta cika hujin, ba ta ƙara matsuwa, kuma bugunta ke fara tsaga kumatu. Kada kuma ka zuba gam tsakanin ƙarfe da katako, domin wata rana za ka so cire ruwan ka kankare tsatsa. A ƙarƙashin mariƙi tsatsa ke fara ɓuya, don haka ka goge wurin ka shafa kakin zuma ko ɗan giris kafin ka mayar.

Sai yanzu za ka sassaƙa. Lungunan zanen ka fara buɗe su da manyan bakin diril, ka yanke saura, ka bi da magagarin katako. Wurin riƙo ka mulmula shi ya yi siffar ƙwai, kana yi kana damƙawa, duk inda ya tokare ka sa fensir ka rage. Kumatun ka bar su falan. Fasasshiyar kwalba tana kankare lungu fiye da samfefa. Wajen shafi, banis mai kauri yana santsi da gumi kuma yana tayar da bororo, gara man katako siriri a bar shi ya sha, a bi da kakin zuma. Baƙin man inji kada ya taɓa abin da za ka yini riƙe da shi.

Saura karkacewar yanka. Daga nan ba zan iya yanke maka hukunci a kanta ba sai zarton yana hannuna, amma ga yadda za ka gane da kanka. Bayan ka ɗaura sabon mariƙi, ɗaga zarton ka runtse ido ɗaya ka bi layin haƙora daga baya zuwa baki. In ka ga lanƙwasa a hankali, ana iya miƙar da ita da hannu. In karyewa ce mai kaifi a wuri ɗaya, aikin guduma ne a kan maƙera, ka kai wa wanda ya saba, don bugun da bai dace ba ƙara ɓata shi yake. In ruwan a miƙe yake amma kullum gefe ɗaya yake ja, haƙoran wannan gefen sun fi buɗewa ko sun fi tsawo. Kwantar da shi a tebur, ka shafa dutsen wasa sau ɗaya a gefen da yake ja, daga baya zuwa baki, ka gwada yanka, in bai daina ba ka ƙara sau ɗaya. Mako guda bayan ka fara aiki da shi ka sake bin notin da sukudireba, don sabon mariƙi yakan ɗan kwanta, haka kuma duk lokacin da hunturu ya shigo.